Kwana a tanti a bakin teku: shirin da Bakano zai yi kafin ya nufi Badagry

Wanda ya saba kwanan waje a Kano, ko a gona lokacin girbi ko a gefen dam ɗin Tiga, ya san ƙasa mai tauri da ke riƙe turke, ya san sanyin asuba, ya san ruwa mai zama inda aka bar shi. A bakin teku ba ko ɗaya cikin ukun nan. Yashi ba ya riƙe turke, dare ba ya sanyi, ruwa kuma yana tasowa ya ci gaɓa sau biyu kowace rana. Yawancin wahalar da mutanenmu ke sha a can daga nan take fitowa, an tafi da kayan Kano da lissafin Kano.

Mun ɗauki Badagry misali saboda ƙaramin gari ne na masunta da masu kwakwa, a yammacin Legas dab da iyakar Seme, kuma ba a bukatar fasfo kafin a je. Amma gaɓar Tekun Atlantika ɗaya ce, don haka abin da za a faɗa ya shafi Ibeno ta Akwa Ibom da Grand-Popo ta Jamhuriyar Benin.

Wata biyu za ka duba, na Bature da na sama

Damina a gaɓa tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan sarara a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Sararawar Agusta tana ruɗar masu hutun makaranta, alhali a watannin nan ne teku ya fi haushi, raƙuman ruwa suka fi girma. Lokacin kwana a tanti shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu. Hunturu yana ɗan leƙawa can a Disamba da Janairu, amma ba ya kawo sanyin da ka sani. Zafin dare yakan tsaya wajen digiri 23 zuwa 26, ga danshi mai sa jiki ya riƙa danƙo. Bargo da rigar sanyi su zauna a gida, zanin gado mara nauyi ya isa.

Sai watan sama. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, tsakanin cika ɗaya da mai bi mata kimanin awa 12 da minti 25 ne, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Idan ya cika yau da ƙarfe 4 na yamma, zai sake cika wajen 4:25 na asuba, kana barci. Cikar tana kai maƙura a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 16, ta fi sauƙi wajen 7 da 22 ga wata. Kalandar Hijira da ke jikin bangon shago ta isa ta ba ka wannan. Bambancin tsayin ruwan a gaɓar Legas bai wuce kusan mita ɗaya ba, sai ka ji kamar abin wasa ne. Amma mita ɗaya a tsaye taku da yawa ne a kwance, ga kuma raƙumin ruwa da ke hawa bisa wannan ya ƙara shimfiɗowa. Mai zuwan farko ya kauce wa farkon wata da tsakiyarsa.

Hanya

Tafiyar ta kai kilomita 1,000. Ko dai manyan motocin New Road a Sabon Gari, ko jirgi daga filin Malam Aminu Kano, sannan daga tashar Mile 2 a Legas a hau motar Badagry. Cunkoson wannan titi yana iya cin rabin yini, saboda haka kada ka ƙudurta kafa tanti ranar da ka sauka. Ka kwana a masauki cikin gari, washegari ka je gaɓa da rana tsaka. Tanti ya kamata ya gama tsayuwa kafin la'asar.

Katin shaidar ɗan ƙasa ya kasance a aljihu, ba cikin jaka ba. Shingayen kwastan da na shige-da-fice suna da yawa a hanyar Seme, kuma mai jin Hausa shi ake fara tambaya daga ina. Adda da gatari da doguwar wuƙa kada su shiga kayanka. Tun kisan da aka yi wa mafarautan nan 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo cikin Maris 2025 ba sai an yi wa Bakano dogon bayani ba. In ana bukatar adda a ara a can. Tukunyar gas ma kada a cika ta a Kano: jirgi ba zai ɗauka ba ko da wofi ce, a motar haya kuwa ganganci ne. A sayi ƙarama mai kilo 3 a can, ta ishi mutum huɗu kwana uku har da saura.

Tanti da abin da za a haɗa a kasuwa

Nemi tanti mai ruɓi biyu: na ciki raga, na waje mai tare ruwa, da tazara tsakaninsu. Mai ruɓi ɗaya yana tara numfashin masu barci, ya haɗu da danshin teku, da asuba ka tarar da rufin yana ɗiga alhali ba a yi ruwa ba. Lambar da aka rubuta a jiki ta mutane ce ba kaya, don haka mutum biyu su sayi na uku. In an rubuta ƙarfin tare ruwa, kada ya gaza milimita 2,000.

Na gwanjo ba laifi, sau da yawa ma ya fi sabon mai araha ƙwari, amma a duba abu uku kafin a biya. Shafa cikin rufin: in yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin alli, ko yana tsami, rufin ya mutu. Ja kowane zif har ƙarshe sau biyu. Lanƙwasa sandunan a hankali ka duba bakin kowace gaɓa, domin nan suke fara tsagewa. Da ka kawo gida, kafa shi a tsakar gida, mutum ɗaya ya shiga, wani ya kwara bokiti biyu a sama. Duk ɗinkin da ya yi yoyo a san da shi tun a nan. Wannan gwaji yana kuma koya maka kafawar, don ba a koyon ta cikin iska.

Sauran kaya duk suna Kano kuma sun fi sauƙi a nan. A Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ka sayi tamfol biyu, ɗaya na shimfiɗa ɗaya na inuwa mai kamar mita 3 da 4, da igiyar roba mai kaurin milimita 6, mita 30. A Ƙofar Wambai akwai robobi masu murfi mai kamawa gam da kula. Ƙananan buhuna wofi guda 10, irin na shinkafa mai kilo 10. Tocilar goshi, salatif mai faɗi, guntun bututu mai tsawon taƙi ɗaya don ɗaure sandar da ta karye, tsintsiya ƙarama, ashana cikin kwalba. Pawa banki mai ƙarfin mAh 20,000 daga Farm Centre, wanda a jirgi jakar hannu yake shiga ba ta kaya ba.

Tamfol ɗin shimfiɗa a ninke shi ya gaza gindin tanti da yatsa uku ta kowane gefe. In ya leƙo waje, ruwan da ya sauko daga rufi a kansa zai taru ya bi ta ƙarƙashinka.

Inda za a kafa, nan ne maganar take

Da farko izini. Babu gaɓar da ba ta da mai ita. Mafi kwanciyar hankali shi ne wurin shaƙatawa mai shinge da maigadi da banɗaki, a biya kuɗin kwana a karɓi rasit, a kuma tambaya ƙarara ko maigadin yana kwana. In a ƙauyen masunta ne, a je gaban bale, wato mai unguwarsu, a gaishe shi, a faɗi yawan mutane da yawan kwanaki. Hausawan kasuwar garin za su iya haɗa ka da wanda zai raka ka, kuma wannan ya fi ka biya samari uku daban-daban kowa na cewa shi ne mai wurin. Mutanen yankin Ogu ne da Yarabawa. Suna da wuraren tsafinsu, galibi za ka ga an kewaye da ganyen kwakwa ko an ɗaura ƙyalle, suna da Zangbeto masu gadin dare. Kada a shiga, kada a ɗauki hoto, kuma a tambayi mai masauki ko akwai daren da ba a fita.

Yanzu tsaya ka juya wa gari baya ka karanta yashin. Za ka ga layuka na tarkace a jere da ruwa: robobi, leda, ɓawon kwakwa, ciyawar ruwa. Kowane layi iyakar wata cika ce. Na kusa da ruwa mai danshi na jiya ne, ba shi ne naka ba. Nemi na can sama wanda ya bushe ya yi fari, shi ne inda babbar cika ta kai. Wuce shi da taku 30 aƙalla, har ka iso inda ciyawa mai yaɗo ta kama ƙasa, domin ba ta rayuwa inda ruwan gishiri ke wanka kullum. Shaida mafi ƙarfi ita ce jiragen masunta. Dubi inda suke janyo su su kwana, kada tantinka ya fi su kusa da ruwa. Sai dai kada ka tare musu hanyar jan koma, da sassafe suke fitowa kuma igiyarsu doguwa ce.

Kada a kafa a kwari tsakanin tudun yashi biyu, ko da ya fi samun kariya daga iska. Ruwan da ya tsallako tudu nan yake kwanciya. Kada a kafa a bakin inda kogi ko lagun, wato tafkin da ke bayan gaɓa, ya haɗu da teku, yashin wurin yana zaizayewa cikin dare ɗaya, ga sauro. Kada kuma a kafa ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Inuwarta tana kira, amma ƙwallo ɗaya ya haura kilo guda, bishiyar kuma tana kai mita 20, ga busassun rassa masu faɗowa ba sallama. Ɗaga kai ka duba, ka matsa har sai ba ganye a samanka.

Da rana iska daga teku take busowa, yawanci ta kudu maso yamma, da dare ta lafa ko ta juya daga tudu. Ba wa teku gefen tanti mafi ƙanƙanta da gajarta, ƙofa ta kalli gabas. In ƙofa ta fuskanci iska, tantin zai cika ya tashi, yashi kuma ya shiga har cikin abinci.

Turakun waya da ke zuwa cikin jakar tanti, masu tsawon santimita 15 zuwa 18, na ƙasa mai tauri ne. A yashi yaro ma zai zare su da yatsa biyu. Ga amfanin buhunan nan. Cika kowanne rabi da yashi, ɗaure bakinsa, ɗaura igiya a tsakiyarsa. Haƙa rami mai zurfin santimita 40 zuwa 50, nesa da tanti da kamar mita ɗaya da rabi, kwantar da buhun a gicciye, mayar da yashi, tattake, sannan ka zuba bokitin ruwan teku a kai ya daskare. Igiyar ta tashi a karkace zuwa jikin tanti, kada ta miƙe tsaye. Huɗu a kusurwoyi, huɗu a igiyoyin rufi, biyu na tamfol ɗin inuwa. Fara da ɓangaren da iska ke bugowa, kuma kafin ka sa sanduna ka jefa jakunkuna ciki su danne. Igiyar roba tana saki in ta sha raɓa, don haka a sake ɗame ta bayan isha'i. Rufin waje kada ya taɓa ragar ciki, duk inda suka haɗu nan ruwa zai bi.

Tamfol ɗin inuwa a karkata shi, gefen teku ƙasa, gefen tudu sama. In hadari ya haɗo, shi za a fara saukewa, don shi iska ke fara kamawa. In ana tsawa kuwa, fili ne fetal kuma tanti ba ya kare kowa. A koma cikin gini ko mota.

Ruwan da ke kashe mutane

Iya iyo a Tiga ko a kududdufin unguwa ba iya iyo ba ne a nan. Ruwan da raƙuma suka turo gaɓa dole ya koma, kuma yakan haɗu ya koma ta hanya ɗaya siririya, da gudu irin na Jakara bayan ruwan Agusta. Abin da ya sa yake cin mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kyan gani: raƙuma suna fashewa dama da hagu, tsakiya kuma lumui, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gurɓace da yashi, kumfa tana tafiya ciki maimakon ta zo gaɓa. Baƙo sai ya zaɓi nan don ya ga ya fi natsuwa.

Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da shi. Ya kwanta rigingine ya sha iska, ya ɗaga hannu ɗaya, in yana da ƙarfi ya yi iyo a gicciye, a jere da gaɓa, har ya fita daga jan. Na tudu kada su bi shi. A jefa masa jarka wofi mai murfi ko murfin kula, a kira masunta, a buga lambar gaggawa, 112 ko 767. Sau da yawa gawa biyu ake ɗaukowa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi.

A ganinmu baƙo kada ya wuce gwiwa, kuma kada ya juya wa teku baya don hoto. Gaɓar nan tana da gangara, raƙumi ɗaya yana share yashin ƙarƙashin ƙafa. Jallabiya da doguwar riga da hijabi har ƙasa in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka mai irin wannan shiga ya tsaya inda ruwa ke lasar idon sawu. Yara kuwa a ɗora wa babba ɗaya, a kira sunansa, a riƙa karɓa-karɓa. In aka ce kowa yana kallo, ba mai kallo. Haye lagun zuwa Gberefu, inda hanyar bayi ta bi zuwa teku, a sa rigar kariya kafin jirgi ya tashi, a dawo kafin magariba.

In aka ga wata aba kamar leda mai shuɗi-shuɗi a yashi da dogayen zaruruwa, kada a taɓa, ko ta mutu tana harbi. Wanda ta harba a wanke da ruwan teku, ba ruwan sha ba, kada a murza, a cire zaren da gefen kati, sannan a jiƙa wurin da ruwa mai zafin da fata za ta jure na kamar minti 20. In numfashi ya fara sarƙewa, asibiti.

Ci da sha da sallah

Lita 5 ga kowane mutum a rana don sha da girki. Jakar fiya wata ɗaya lita 10 ce, wato ta mutum biyu a yini. Rijiyoyin gaɓa da yawa suna da gishiri-gishiri, a bar su a wanke-wanke. Gumi a can ba ya bushewa, mutum yana tsiyaya bai ankara ba, sai ciwon kai da jiri. A riƙe ruwan gishiri da sukari na kemis, in babu a haɗa: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Guzurin Kano yana da kyau, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino da dambun nama da kilishi, amma danshi maƙiyinsu ne. Kilishin da zai yi wata a takarda a Kano, can kwana biyu ya yi laushi ya fara fumfuna. Kowane abu cikin roba mai murfi, a kasa shi ƙanana yadda wanda aka buɗe za a cinye. Fura kada ma a fara. Ƙanƙara a sayi ta dunƙule ko fiya wata daskararre, ta fi gutsattsari daɗewa, a binne rabin kular a yashi cikin inuwa.

Kifi a saya da safe a bakin jirgi: ido garau, cikin kunne ja, nama ya dawo in an danna. A dafa cikin awa biyu ko ya shiga ƙanƙara. A mazhabar Malikiyya duk abin teku halal ne, har ƙaguwa da jatan lande, sai dai wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, wasu jikinsu yana kumbura. Girki a waje, taku biyar daga tanti, a tare iska da kula ko tudun yashi. Gawayi ko gas cikin tanti a rufe yana kashewa ba tare da wari ko hayaƙi ba. Garwashi a kashe da ruwa. In aka binne shi da yashi yana nan da zafinsa har safe, ƙafar yaro ce za ta gano shi.

Alwala da wanka da ruwan teku sun inganta, hadisin Abu Huraira ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A ɗebo a buta maimakon a tsuguna a bakin raƙumi. Alƙibla a Badagry tana wajen digiri 63 daga arewa: ka sa teku a damanka kana kallon gabas, sannan ka karkata hagu kamar sulusin tazarar da ke tsakanin gabas da arewa. Jadawalin sallar Kano ba ya aiki, rana tana yin zawali a can bayan ta Kano da minti 20 da ɗoriya.

Sauro a gaɓa ba ya da damina da rani. Zif ɗin raga a rufe tun kafin magariba, kada a kunna fitila ciki ƙofa tana buɗe. Akwai kuma wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da asuba da almuru, suna bi ta ragar da ke da manyan idanu. Man shafawa mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 yana korarsu, da dogon wando da safa a waɗannan lokuta. Rana kuma tana ƙona baƙar fata, musamman kafaɗa da wuya, saboda iska tana ɓoye zafinta. Malafa ta yi rana a nan.

Kuɗi a riƙe a hannu, a kasa gida biyu. Kusa da Seme waya takan kama layin Benin da kanta ta cinye kati, don haka a zaɓi layi da hannu. Wayar ta zauna cikin leda mai zif, iskar gishiri tana cin ramin caji.

Naɗewa

A jira raɓa ta bushe, wajen ƙarfe 9 ko 10, a share yashi, a tono buhuna duka, a cike ramukan, a kwashe shara a fita da ita. In dole aka naɗe tanti a jiƙe, kada ya wuce kwana biyu a jaka. Da isowa Kano a wanke shi da ruwa zalla ba omo, domin omo yana cin rufin, a ɗauraye sanduna da kan murhu da duk wani ƙarfe, a shanya a inuwa ba cikin rana ba, a goga kyandir a haƙoran zif. Wanda ya ji zazzaɓi cikin mako ɗaya zuwa biyu da dawowa ya je a yi masa gwajin maleriya kafin ya sha komai, ya kuma gaya wa likita inda ya kwana.